Wai Ina Shekarun Nan Suka Shiga?

A cikin gaishe-gaishen Hausawa babu wadda ta ruɗa ni lokacin da na fara koyon harshen kamar "kwana biyu". Akwai wani mai tsire a bakin titinmu da nakan je wurinsa in gwada 'yar Hausar da aka koya mana a aji. Wata rana bayan dogon hutu na je, yana hango ni sai ya ce, "A'a, ɗan makaranta, kwana biyu!" Ni kuwa da yake sabon shiga ne, sai na tsaya ina gyara masa lissafi, na ce, "Haba Malam, ai wata uku ne." Dariyar da ya yi ranar har sai da ya ajiye wuƙa. Daga baya na fahimci cewa Bahaushe yakan dunƙule wata uku ya kira su kwana biyu, ya kuma ce shekara kwana ce, alhali ya iya ƙirga sarai. Abin da zuciyarsa ta auna yake faɗi.

Yanzu da muke aji huɗu, duk inda ka ga ɗalibai biyu ko uku sun zauna maganar ke nan: "Kamar jiya muka yi rajista." Amma fa waɗannan mutanen su ne za ka gani a laccar ƙarfe biyu na rana, fanka ba ta juyawa, kowa na satar kallon agogo kamar an ɗaure wa minti dutse a ƙafa. To, mai karatu, yaya za a yi awa biyu ta ƙi ƙarewa amma shekara huɗu ta wuce kamar ƙiftawar ido? Ra'ayina shi ne, kukan da muke yi cewa lokaci na gudu kuka ne a kan abin da ba shi ne ciwon ba, kuma wani kaso mai tsoka na laifin yana wuyanmu.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ɗan Adam yana da ido don gani, yana da kunne don ji, amma ba shi da wata gaɓa guda da aikinta shi ne jin wucewar lokaci. Gaskiya ne akwai wani ɗan curin jijiyoyi a can cikin ƙwaƙwalwa mai tsara barci da farkawa bisa zagayen dare da rana, har ma masana uku 'yan Amurka sun samu kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke tafiyar da wannan tsari. Sai dai wannan agogon na jiki ba ya gaya wa hankali ko minti nawa aka yi ana jiran mota. Hankali kintace yake yi, kuma mai kintace yakan yi kuskure.

Wanda ya nuna girman wannan kuskure da jikinsa shi ne wani Bafaranshe mai binciken koguna, Michel Siffre. Yana ɗan shekara 23, wato tsaranmu, ya shiga wani kogo mai ƙanƙara a tsaunukan kan iyakar Faransa da Italiya ranar 16 ga Yuli, 1962, ba agogo, ba hasken rana. Waya kaɗai ke haɗa shi da abokan aikinsa da ke bakin kogon. Idan ya farka ko zai ci abinci ko zai kwanta sai ya kira su, su rubuta, amma ba sa gaya masa ƙarfe nawa. Ranar 14 ga Satumba suka ce masa wa'adi ya cika, ya fito. Shi kuwa a lissafinsa ranar 20 ga Agusta ce. Kusan kwana 25 sun zube masa bai sani ba. Sukan kuma sa shi ya ƙirga daga 1 zuwa 120, lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, abin da ya kamata ya ci minti biyu, sai ya riƙa cin minti biyar. Abin mamakin shi ne jikinsa bai ɓata ba, domin yana kwanciya yana tashi bisa zagayen da ya ɗara awa 24 kaɗan. Jiki yana kan hanya, hankali ne ya ɓace.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. Wata 'yar ƙasar Sifen mai suna Beatriz Flamini ta shiga kogo a Nuwamba 2021, ta fito a Afrilu 2023 bayan kwana 500. Da aka zo fito da ita, a zatonta kwana 160 zuwa 170 ta yi. Ta shiga tana da shekara 48, ta fito tana da 50.

Me ya cinye musu kwanakin? A cikin kogo yau da jiya da shekaranjiya duk kamarsu ɗaya. Babu hantsi, babu la'asar, babu almuru, babu baƙon da ya zo, babu abin da hankali zai rataya rana a jikinsa ya ce wannan ita ce Talata. Da suka waiwaya don su auna tsawon zamansu, sai suka tarar da ɗan abin tunawa kaɗan, suka yanke hukunci cewa lokacin ma kaɗan ne.

A nan ne zancen yake. Ma'auni biyu muke da su. Akwai yadda muke jin lokaci muna cikinsa, akwai kuma yadda muke auna shi bayan ya wuce, kuma sau da yawa su biyun hannun riga suke. Masanin halayyar ɗan Adam William James ya bayyana haka tun a 1890: lokacin da ke cike da sababbin abubuwa yakan yi sauri ana cikinsa amma ya yi tsawo idan an tuna shi, wanda kuwa babu komai a cikinsa yakan yi ja ana cikinsa amma ya tsuke idan an waiwaya. Ma'aunin farko hankali ke tafiyar da shi, domin gwargwadon yadda ka sa wa agogo ido gwargwadon yadda zai ƙi motsi. Na biyun kuwa tunawa ke tafiyar da shi.

Shi ma'aunin farkon abu kaɗan ke karkata shi. A farkon shekarun 1930 matar wani masani Ba'amurke, Hudson Hoagland, tana fama da zazzaɓi, ya fita sayen magani na ɗan lokaci, ya dawo ta ce ya daɗe ƙwarai. Maimakon ya ba ta haƙuri kamar yadda miji nagari zai yi, sai ya ɗauko ma'aunin zafin jiki ya sa ta ƙirga daƙiƙa 60. Ya lura cewa duk sa'ad da zafin jikinta ya ƙaru, ƙirgarta takan yi sauri. Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kwantarwa ya san tsawon daren da ake nufi.

Tsoro ma haka. Wanda ya taɓa tsallake rijiya da baya a haɗarin mota yakan ce komai ya riƙa tafiya a hankali. A 2007 David Eagleman da abokan aikinsa a Amurka sun gwada wannan ta wata hanya da ni dai ba zan yarda a gwada da ni ba. Sun riƙa sako mutane ta baya daga tsayin mita 31 su faɗa cikin raga, an ɗaura musu wata na'ura a hannu mai walƙiya da lambobi da saurin da ido ba ya iya karantawa. Idan da gaske tsoro na rage saurin lokaci, ai sai su iya karanta lambobin suna cikin faɗuwa. Ba su iya ba. Amma da aka ce su kintaci tsawon faɗuwar tasu, sun ƙara mata kimanin kashi ɗaya cikin uku a kan yadda suka kintaci faɗuwar wasu da suka kalla. Bayanin masu binciken shi ne, a halin tsoro ƙwaƙwalwa takan adana abubuwa da yawa fiye da yadda ta saba, shi ya sa idan an tuna sai a ga kamar an daɗe.

To mu dawo gida. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ba neman mai laifi ya kawo ni nan ba, wannan wani fage ne daban. Abin da nake so mu tuna shi ne yadda kwanakin suka kasance. Ka tashi, ka yi shara, ka duba waya ko an janye, ka ci abinci, ka kwanta, ka sake duba waya. Kowane yini kamar ba zai ƙare ba. Amma yau idan aka ce in ba da labarin wata takwas ɗin nan, minti biyar ya ishe ni. Kogo na shiga ban sani ba.

Sai kuma 'yan watannin da na yi a Kano don gogewa da harshe. Kafin in ankara har an ce mu haɗa kaya. Duk da haka idan na tuna su yau sai in ga kamar shekara na yi: ranar da na ɓata a lungunan Kurmi, ranar da na hau Dala na ga birni a shimfiɗe, marinar Ƙofar Mata, ranar da na fara cin ɗanwake, da ranar da na ce wa wata dattijuwa "kai" maimakon "ke" jama'a suka yi ta dariya. Kowace rana da fuskarta. A kalanda yajin aikin ya fi zaman Kano tsawo nesa ba kusa ba, amma a rayuwar da nake riƙe da ita a zuci, Kano ta ninka shi.

Za a ce ai girma ne, duk wanda shekarunsa suka ƙaru dole ya ga lokaci na sauri. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Tun a 1877 wani masanin falsafa Bafaranshe, Paul Janet, ya kawo hujjar cewa shekara ɗaya ga ɗan shekara 10 kashi ɗaya ce cikin goma na rayuwarsa, ga ɗan shekara 50 kuwa ɗaya cikin hamsin. Lissafin yana da daɗin ji, amma bai gamsar da ni ba. Babu wanda ke raba shekarunsa a ka kafin ya ji cewa mako ya yi sauri, kuma lissafin bai bayyana dalilin da ya sa wata biyu a cikin shekara guda za su bambanta haka ba. Abin da ya fi kama hankali a wurina shi ne, yaro komai sabo ne a gare shi, babba kuwa hanyar da ya bi jiya ita zai bi gobe. Dattijai kuma sukan ce albarkar lokaci ce ta ragu. Wannan zance ne na malamai, ba zan tsoma baki a fagen da ba nawa ba.

Inda nake ganin namu laifin shi ne waya. Laccar rana tana da ja, amma aƙalla takan bar wani abu a ka. Tafiya takan yi sauri, amma takan cika jakar tunawa. Ita kuwa awa uku da mutum ke yi yana goga yatsa a TikTok ko Instagram ta haɗa hasara biyu: ana cikinta ta gudu, bayan ta wuce ba ta bar komai ba. Wani abokina ya ƙalubalance ni, ya ce ai kowane bidiyo sabon abu ne, bisa hujjata kamata ya yi ya tsawaita rana. Na ce masa ya lissafa mini biyar daga waɗanda ya kalla daren jiya. Da ƙyar ya kawo biyu. A ganina sabon abu ba ya zama a ƙwaƙwalwa sai ya ɗan wahalar da kai, ko ya ba ka kunya, ko ya sa ka motsa ƙafa, ko ka buɗe baki ka yi magana da mutum. Ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, wuya a sunkuye, ko bidiyo dubu aka kalla zama ɗaya aka yi.

Na san akwai mai cewa wannan shawarar masu kuɗi ce, ɗalibin da ke jiƙa gari da dare ina ya ga kuɗin yawon buɗe ido. Gaskiya ne, kuma ni ma garin nake jiƙawa. Amma sabon abu ba sai an hau mota ba. Mu da muke nazarin Hausa a kudu muna da zango ko Sabo kusa da mu, kuma da yawanmu sun shekara uku ba su taɓa zama awa guda a can sun yi hira da mai shayi ko mai ɗinkin hula ba. Muna jiran a kai mu arewa, alhali harshen yana nan bayan tashar mota. Haka kuma ban ce a watsar da tsari ba. Karatu sai da maimaici, kuma ga marar lafiya ko mai zaman makoki, saurin kwanaki rahama ne. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya miƙa shekarunsa na ashirin da 'yan kai ga zaman da bai zaɓa ba, shekarun da bincike ya nuna cewa tsofaffi sun fi tunawa da su fiye da na tsakiyar rayuwa, sannan ranar yaye ɗalibai ya riƙe baki yana tambayar ina suka shiga. Rana ba ta ƙarya, an ce, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Tun farkon wannan zangon karatu na sayi ƙaramin littafi, kowane dare nakan rubuta da Hausa abu ɗaya da ya faru ranar wanda bai faru jiya ba. Da farko don in gyara rubutuna na fara, musamman ƙa'idar raba kalmomi da ke ci mini maki. Da na duba watan jiya, na tarar da kwana 11 da na bar shafinsu fari, kuma na yi iya ƙoƙarina na kasa tuna abin da na yi a ko ɗaya daga cikinsu.