Haƙƙin ma'aikatan jinya a kan al'umma



Ƴan'uwa Musulmi, idan likita ya ce ciwon daji ya fi ƙarfin magani, da yawanmu mukan maida majinyaci gida, mu zauna jiran ajali. Wannan sakaci ne. Waraka ta Allah ce, amma sauƙaƙa raɗaɗi, wanke miki da juya marar lafiya don kada kwanciya ta ci jikinsa farilla ce ta kifaya: idan kowa ya bar ta, dukkanmu muna da laifi.

Ma'aikatan jinya ne ke sauke mana wannan nauyi dare da rana, kuma suna da magabaciya. A tantin Rufaida al-Aslamiyya, cikin masallacin Madina, aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu, Allah Ya yarda da su, bayan yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan hijira, kan raunin da ya zama ajalinsa.

Godiyar baki ba ta wadatar ba. Suna buƙatar ilimi. Tun 2004 Uganda ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta morfin. Ina ganin ya dace makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram su zurfafa koyar da wannan fanni. Shan morfin bisa umarnin likita ba shaye-shaye ba ne, kuma ba ya rage ladan haƙuri.

Mu limamai mu gayyace su masallatai, su koya wa iyalai kula da majinyaci, mu kuma mu koyar da sallar marar lafiya da laƙƙana kalmar shahada.

Allah Ya saka musu da alheri, Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.