Gwanjon Ɗakin Jirgin Ruwa: Cinikin Biri a Sama

Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke tashi daga tashoshi irin su Miyami ta ƙasar Amurka tamkar unguwa ce guda bisa teku. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana da hawa 20. Ɗakunansa iri-iri ne: akwai na ciki marar taga, akwai mai taga, akwai mai baranda. Kamfanoni irin su Royal Caribbean sun ɓullo da wata dabara ta sayar da ɗakuna masu tsada da suka rage. Kafin ranar tafiya sai su gayyaci fasinja ya taya ɗakin da ya fi nasa, ba tare da ya san abin da sauran suka taya ba. Idan aka sallama masa, an cire kuɗin ke nan, ba a mayarwa, kuma kamfani ne zai zaɓa masa inda ɗakin yake.

A nan ne gizo ke saƙar, domin jikin ɗan Adam bai san farashi ba, motsi ya sani. Can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi. Su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai da hawa da saukar jiki. Mutumin da ke zaune a rufaffen ɗaki, idonsa na shaida cewa bango a tsaye yake, kunnensa kuwa na shaida ana lilo. Yawancin masana na ganin wannan saɓani ne ke haddasa jiri da tashin zuciya da amai. Tun a 1882 William James ya lura cewa da yawa daga cikin kurame ba sa jin jiri. A 1974 kuma O'Hanlon da McCauley suka nuna cewa motsin sama da ƙasa da ke maimaituwa kusan kowace daƙiƙa shida ya fi kowane tayar da zuciya.

To, jirgi bisa raƙuman ruwa kamar sandar sikeli yake: goshinsa da bayansa su ke hawa da sauka ƙwarai, tsakiya kuwa kaɗan take motsawa. Haka nan hawa na sama ya fi na ƙasa tangaɗi. Saboda haka wanda ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, ya riga ya sami wuri mafi natsuwa. In ya ci gwanjo, yana iya tsintar kansa a goshin jirgi can sama, ya biya ƙarin kuɗi ya sayi kwana bakwai na amai.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja. Ɗaki mai baranda na ba mutum iska, yana kuma ba shi damar kallon inda sama ta haɗu da teku, wanda ke daidaita shaidar ido da ta kunne. Sau da yawa ma tayin kan yi ƙasa da farashin asali. Duk wannan gaskiya ne ga wanda jiri bai dame shi ba. Amma adalci shi ne kamfani ya bar mai tayi ya faɗi hawa da sashen jirgin da zai karɓa, in ba a samu ba a bar shi a ɗakinsa.

Kafin a kai ga haka, wajibi ne fasinja ya san jikinsa, ya duba taswirar jirgin, ya kwatanta tayinsa da farashin zaɓen ɗakin kai tsaye. Malamin kimiyya kuwa ya sami misali na aji: ɗalibi ya riƙe tsakiyar rula yana karkata ta, 'yan'uwansa su auna nisan da bakinta ke tafiya, sannan su faɗi ɗakin da za su taya.