Noti biyar a ƙafar Golf 3

Masu Golf 3 da ke son mayar da ƙafarta noti biyar, ina goyon bayanku, amma ba don kwalliyar wili ba. Volkswagen ta fito da yawancinsu da noti huɗu, ta ware biyar ga irin VR6, wadda faifan birkinta na gaba ya kai milimita 280. Ribar ke nan: birki mai kamawa ko mota ta sha lodi. Sai dai aikin na son a ɗauko ƙafar gaba ɗungurungum, har da shaf, kuma kayan gwanjon ba su da araha. Bakaniken da zai huda sabbin ramuka a tsohon ƙarfe kuwa, raunana shi ya yi, birkin yana nan yadda yake.