Saurayin da ya zama uba a Dogarawa

Duk wanda ya bi ta Kwangila da yamma zai ga 'yan acaɓa jere suna jiran fasinja. Da yawa ba su kai shekara 25 ba, amma akwai mai goyo a gida tana jiran kuɗin cefane. Wa ke zama da irin wannan yaro ya nuna masa yadda ake riƙe iyali?

Zariya ta san amfanin irin wannan zama. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta daɗe tana tara 'yan mata a ƙauyukan da ke kewaye, wata babba tana yi musu jagora. A Damagaram kuwa, Makarantar Mazaje da hukumar UNFPA ta tallafa ta sa magidanta suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su da kansu, a majalisarsu. Mazanmu matasa an bar su da mai shayi.

Ga kuma shaye-shaye: hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018 bai raba su da ƙwaya ba, domin zaman banza na nan daram.

Abin takaici, kayan aikin na kusa. Cibiyar fasahar fata tana Samaru, haka ma cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kamata ƙaramar hukumar Sabon Gari ta haɗa masu unguwanni da limaman Dogarawa da waɗannan cibiyoyi, a ware wa matasan magidanta guraben koyon sana'a, a kuma sa darasin da safe kafin su fita neman na tuwo.