Mu Yi Tambaya Kafin Mu Sayi Gida

'Yan'uwa manoma, bayan kaka waɗansunmu sukan sayar da hatsi su sayi gida. Sau da yawa an biya kuɗi, sai magada su fito su ce ba da saninsu aka sayar ba. Guminmu na shekaru ya tafi ke nan. Mu tambaya tukuna: gidan na wane ne? In na gado ne, duk magada sun yarda?

Bayan kuɗin gida akwai la'adar dillali, da kuɗin awo, da na takardu. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ce sai da iznin Gwamna a birni, ko na ƙaramar hukuma a karkara. Mu kira mai unguwa da shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Shaidu sukan mutu, amma takarda tana nan.