Gwajin da bai san sunan Rabi'u ba, ba gwaji ba ne

Daminar bara kawuna ya miƙo min wayarsa a wani ƙauye da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, ya ce in cika masa fom ɗin rajistar manoma a wani shafin intanet. Na rubuta sunansa, shafin ya ce sunan bai inganta ba, saboda ɗan waƙafin nan na sama da ke cikin sunaye irin su Rabi'u da Sa'adu da Asma'u. Na cire shi. Na zaɓi Jihar Kano, jerin ƙananan hukumomi 44 ya ƙi buɗewa, sai 'yar da'ira ke ta juyawa. Sai da muka tako bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi sannan aka gama.

Ban yi shakkar an gwada shafin nan kafin a sake shi ba. Tambayata ita ce: wa ya gwada, a kan wace na'ura?

A yau masu gina manhajojin yanar gizo ba sa zama su danna kowane maɓalli da hannu duk lokacin da suka canza wani abu. Akwai kayan aikin da ke kallon yadda mutum yake amfani da shafi, su rubuta matakan da kansu, su riƙa maimaitawa. Selenium ya fara tun 2004. Microsoft ta fito da Playwright a 2020, wanda zai buɗe maka burauza, kana danne-danne yana rubuta lambar gwajin. Chrome na kwamfuta ma yana da Recorder a cikin DevTools. Duka kyauta ne, kuma ina ganin duk mai gina shafin da jama'a za su yi rajista ko biyan kuɗi a kai ba shi da uzurin ƙin amfani da su.

Sai dai na'urar ba ta san komai ba illa abin da aka nuna mata. Idan wanda ya naɗi gwajin yana zaune a ofis a Legas ko Abuja, da kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu, ya rubuta John a gurbin suna, to John ɗin za ta yi ta rubutawa sau dubu, kullum sakamako ya fito kore. Shugaban kamfani ya ga kore ya yi murna, manomin Kunchi kuma ya biya kuɗin mashin zuwa shagon kwamfuta a Bichi don a yi masa abin da ya kamata ya yi a gindin bishiya.

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin kayan aikin. A Recorder kana iya cewa a maimaita gwajin da saurin 3G mai rauni. DevTools na iya rage ƙarfin kwamfutar ninki huɗu don ta yi kama da ƙaramar waya, yana kuma iya katse intanet gaba ɗaya. Nan ne ake gano babbar matsala: mutum ya danna maɓallin biya, sabis ya ɗauke, ya sake dannawa. Shin sau biyu za a cire kuɗin? Shin abin da ya shafe minti ashirin yana cikawa zai goge? Sannan a gurbin suna da adireshi a saka ɗ da ƙ da ɓ, a saka waƙafi, a ga ko shafin zai karɓa ko zai mayar da su alamar tambaya.

Wani zai ce kwaikwayon waya a kwamfuta ba waya ba ce. Gaskiya ne. Jerin wayoyin da ke zuwa da Playwright cike yake da iPhone da Pixel da Galaxy, alhali a aljihun mutanenmu Tecno da itel da Infinix ne suka fi yawa, wasu kuma da Opera Mini suke shiga don tattalin data, wanda yanayinsa na matse data ke hana wasu sassan shafi aiki. Don haka bayan na'ura ta gama nata, a ɗauki itel ta gaske a je da ita Tsanyawa ko Bagwai a gwada.

A nan nake ganin dama ga matasanmu, musamman ɗaliban kwamfuta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da makamantanta. Gwajin manhaja sana'a ce da ake biya, kuma shigarta ta fi sauƙi a kan gina manhaja daga tushe. Kai da ka san inda sabis ke yankewa a hanyar garinku, ka san yadda dattijo ke riƙe waya, kana da abin da mai gwajin Legas ba shi da shi. Ka ari kwamfuta, ka buɗe Chrome, ka danna F12, ka nemo Recorder, ka naɗi yadda ake cika wani fom da sunan kakarka.

Idan waya kawai gare ka, duk ranar da wani shafi ya ƙi ka, kunna naɗar allo, ka rufe lambobinka na sirri, ka tura wa masu shafin bidiyon tare da sunan wayarka da garin da kake.