Ƙwannafin Gwaggona da Maganin da Ba a Barinsa Farat Ɗaya

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ban san nauyin wannan karin magana ba sai da na je hutu gida Kafanchan na tarar da gwaggona a kwance, tana amai, ko kai ba ta iya ɗagawa. Ta daɗe tana fama da ciwon gaɓoɓi, irin wanda yatsu ke kumbura su sage da safe. Aka ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya mai suna firednisolon, ta sha wata huɗu, jiki ya sake har ta koma gonarta ta citta. Sai kuma ƙwannafi ya sa ta a gaba, dare ba barci. Maƙwabciyarta ta ce ta jiƙa kanwa ta sha, mai kemis kuma ya ƙara mata da ƙwayar ciwon jiki. Da abin ya ishe ta sai ta ce wannan farar ƙwaya ce ke cin cikinta, ta yi watsi da ita. Kwana uku tsakani muka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti.

Da ta farfaɗo likita ya ce mata, "Mama, wa ya ce ki daina?" Ta dube shi ta ce, "Ɗana, wa ya ce kada in daina?" Wannan amsa tata ita ta sa na ɗauki alƙalami. A nawa ra'ayin, rashin bayani ne ya kwantar da gwaggona, kuma bayani aikinmu ne mu ɗaliban harshe.

Firednisolon da ɗan'uwansa deksametason suna cikin magungunan da ake kira sitiroyid. Kwaikwayo ne na wani sinadari, kotizol, wanda wasu 'yan tsokoki biyu da ke saman ƙoda suke samarwa. A 1948 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya fara gwada irin wannan magani a kan wata mata mai ciwon gaɓoɓi, ta miƙe cikin 'yan kwanaki. A 1950 shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami kyautar Nobel. A 2020 kuma binciken da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna deksametason ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Masu asma da masu wasu cututtukan ƙoda da na fata duk suna amfana da shi. Ke nan magani ne na ceton rai.

Sai dai duk zuma da harbinta. Wanda ya daɗe yana sha zai iya ganin fuskarsa ta yi zagaye, cin abinci ya ƙaru, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, barci ya gagara, ido ya yi yana, garkuwar jiki ta ragu har tsohon tarin fuka ya taso. Mafi saurin bayyana kuwa, kuma mafi saurin sa mutum ya yi fushi da magani, shi ne ƙwannafi.

Ga abin da ya kamata a ce an gaya wa gwaggona tun ranar farko. A sha ƙwayar da safe bayan an karya, ba da wofin ciki ba. Shan safe kuma yana rage rashin barci. Kada a haɗa ta da ibufurofen ko dikulofenak ko asfirin sai da izinin likita, domin haɗin yana ninka haɗarin gyambon ciki da zubar jini. A nan ne "haɗin" da ake ƙullowa a leda daga kemis yake da haɗari, tun da mai sha bai san abin da ke ciki ba. A ci abinci kaɗan-kaɗan, a rage barkono da maiƙo, kada a kwanta sai bayan awa biyu ko uku da cin abincin dare, a kuma ɗaga gefen kai na gado. In ƙwannafin ya ƙi, akwai magunguna irin su omefirazol da likita zai iya ƙarawa. Wanda ya ga bahayansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ya nufi asibiti a take.

Kanwa fa? Gaskiya ne takan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma tana cike da sinadarin gishiri, sitiroyid kuwa dama yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Garin gudun gara kada a faɗa gidan zago.

Babbar magana ita ce ta dainawa. Idan mutum ya wuce kamar mako uku yana shan sitiroyid, tsokokin nan na saman ƙoda sukan yi lalaci, tun da ana kawo musu sinadarin daga waje. In aka yanke farat ɗaya, jiki zai wayi gari ba na ciki ba na waje: jini ya faɗi, amai da kasala su taso, har ta kan kai ga rasa rai. Shi ya sa ake rage shi sannu a hankali bisa tsarin likita. Mai niyyar azumi ma, na Ramadan ne ko na Lent, ya tambayi likita yadda zai tsara lokacin shansa.

Wani zai ce likita ɗaya da dogon layi ina ya ga lokacin wannan dogon bayani? Wani kuma zai ce in an lissafa wa mara lafiya illoli zai tsorata ya ƙi sha. Uzurin farko gaskiya ne, na biyu kuwa gwaggona ta ƙaryata shi. Ba a gaya mata komai ba, kuma ta daina. Da ta san ƙwannafin abu ne sananne mai magani, da asibiti za ta koma.

To, ina namu a ciki? Ni da Jju na tashi, Hausa a kasuwa da makaranta na koye ta. A Kudancin Kaduna, inda ake jin Jju da Tyap da Hyam da wasu harsuna barkatai, Hausa ce ke haɗa nas da mara lafiya. Amma takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe, in ma an ba ka kwalin. Mu kuwa muna nan muna nazarin fassara da ƙirƙirar kalmomi don cin jarrabawa. Me zai hana sashenmu ya haɗa kai da ɗaliban aikin jinya da ke Kafanchan a fitar da takarda mai shafi ɗaya, likita ya duba ingancinta, mu kuma mu duba Hausarta? A gwada ta a kan tsofaffi a kasuwa, a ga ko "a rage a hankali" ya fi shiga kunne ko "kada a yanke farat ɗaya". Daga nan a karanta ta a rediyo da coci da masallaci, masu Jju da Tyap su juya ta zuwa harsunansu.

Gwaggona ta warware, an rage mata ƙwayar zuwa ƙaramin awo, ƙwannafin ma ya lafa tun da ta bar kanwa da ƙwayar kemis. Kai kuma mai karatu, in an ba wani naka irin wannan magani, kada ku bar gaban likita sai kun yi tambaya uku: yaushe za a sha, da me ba a haɗa shi, kuma ta yaya ake daina shi? Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.